Ƙusoshina a Gefen Baba Idi

Ni ne na yi laifi. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya tausaya mini fiye da kima, ko ya ce wahalar baƙunta ce ta jawo. Wahala kam na sha, tsoro kuma na ji irin wanda ban taɓa ji ba tun da aka haife ni. Amma ƙusoshin nan da hannuna na buga su, kuma da bakina na ce ba ni ba ne. Sunana Isiyaku, mutumin Jos ne ni, sana'ata rufin kwano. Karatuna bai wuce firamare ba, don haka zan faɗi abin yadda ya faru kawai.

Wanda ya yi mini hanyar Saudiyya ya ce aikin rufi zan yi a Madina. Da na sauka a Jidda sai wani mutum da ban sani ba ya karɓi fasfona a bakin mota, ya jefa shi cikin aljihun mota kamar takardar banza. Ya yi mini magana da Larabci, na yi masa murmushi, don ban ji ko kalma ɗaya ba. Aikin da na tarar ba rufi ba ne. Sauke siminti ne a wani sito da ke bayan garin Madina, daga hantsi har la'asar sakaliya. Wata huɗu na yi ba a ba ni iƙama ba, wato katin izinin zama, kuma duk wanda ba shi da ita a ƙasar nan tamkar ɓarawo yake tafiya. In na hango motar 'yan sanda sai in sauya hanya. Akwai ranar da na shige wani shagon burodi don na ga suna duba mutane a titi. Mai shagon, wani ɗan Afganistan mai jan gemu, ya dube ni ya gane. Ya miƙo mini faifan burodi ya nuna mini bakin tanda, na tsaya ina juya burodi kamar ma'aikacinsa har suka wuce. Da zan fita ya naɗe mini guda ɗaya mai zafi. Har yau ban san sunansa ba.

Ɗakinmu a Al-Azizya yake, mu shida a ciki. Abin da ya fi damuna ba matsi ba ne, kewar gida ce. Jos gari ne mai sanyi da ruwa da ganye. A nan kuwa in ka buɗe ƙofa da rana kamar ka buɗe murfin tukunya. Matata Hauwa takan aiko mini da murya a waya, tana tambaya ko na fara rufin. Ina ce mata na fara. Ƙarya ta farko ke nan, kuma ita ta sauƙaƙa mini sauran.

Wata Juma'a bayan an idar da salla na ji wani dattijo a farar tufa yana yi wa jikansa faɗa da Hausa a bakin masallaci, yaron kuma yana ba shi amsa da Larabci. Ban san lokacin da na ƙarasa na gaishe shi ba. Shi ne Ammi Usman. Ɗan ƙasa ne, a Madina aka haife shi, kakansa ne ya zo da ƙafa daga Haɗeja ya zauna. Hausarsa tsohuwa ce, a cakuɗe da Larabci. Shi ne shugaban ma'aikata a wani kamfani da ke gyaran tsofaffin gine-gine.

Ya ce, "Esh shuglak, ya waladi? Mene ne aikinka?"

Na ce rufi.

Ya ce, "Rufin me? Mu nahas muke nema. Jan ƙarfe. Mu'alliminmu, babban gwanin aikin, ya tafi ƙasarsu bai komo ba, an bar mu da dattijo guda."

Nan ne na ciro wayata na nuna masa hoton.

Bari in faɗi gaskiyar hoton nan. Shekarun baya a Jos an sabunta rufin hasumiyar wani tsohon coci na zamanin Turawan kuza, irin ginin da hukuma ba ta yarda a canza masa ko tubali ɗaya ba. Rufin na jan ƙarfe ne. Wani dattijo Kirista, Oga Bulus, shi ya yi aikin. Ni an ɗauke ni ne in riƙa ɗauko falanken jan ƙarfe daga mota zuwa gindin tsani. Mako uku na yi, ban taɓa hawa sama ba ko sau ɗaya. Ranar ƙarshe na sa aka ɗauke ni hoto ina rungume da falle ɗaya, hasumiyar tana ƙyalli a bayana.

Ammi Usman ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce, "Kai ka yi wannan?"

Na ce, "Ni ne."

Ya yi dariya ya ce, "Mashallah. Ka rufe wa Nasara ɗakinsu, yanzu Allah ya kawo ka ka rufe na Musulmi."

Shi ya shiga ya fita har aka mai da ni ƙarƙashin kamfaninsu, aka ba ni iƙama, fasfona ya dawo hannuna. A ofis ya dafa kafaɗata ya ce wa manyansa, "Wannan nawa ne, ni na tsaya masa." Ranar na yi kuka don murna. Ban tsaya na yi tunanin abin da zan yi in aka ce hau ba.

Wurin aikin yana arewa, wajen Bani Harisa, a gefen wata gonar dabino. Ƙaramin tsohon masallaci ne na baƙin dutse, mai ƙubba ɗaya da aka lulluɓe da jan ƙarfe tun zamanin Turkawa. Tsohon rufin ya yi kore ya huhhuje. Daga ciki kuwa, ƙubbar katako ce mai zane da rubutu, wanda wasu bayin Allah suka yi da hannu tun kafin a haifi kakannina. An kafa allo a ƙofa mai nuna cewa ginin na tarihi ne, yana ƙarƙashin kulawar hukuma. Injiniyan, wanda kowa ke kira Muhandis, ɗan Sham ne, siriri, ba ya dariya. Ranar farko ya tara mu ya yi magana, Ammi Usman yana fassarawa. Ya ce duk wanda ya lalata wani abu a ginin nan, ba da kamfani zai yi ba, da hukuma zai yi, kuma akwai ɗauri a ciki. Sannan ya buɗe zanen ƙubbar ya raba ta biyu da jan biro. Gabas ya rubuta sunana. Yamma ya rubuta Idrisu.

Idrisu shi ne Baba Idi, mutumin Maraɗi. Ya haura sittin, gajere ne, yatsunsa duk sun yi kanta. Shekara goma sha tara ya yi a Madina. Da muka hau sigala, wato ƙarafan da ake haɗawa a tsaya a kai, sai na ciro gudumata ta ƙarfe irin ta masu kwano. Ya dube ta, ya dube ni.

Ya ce, "Mu'allim, mi za ka yi da wagga?"

Na ce, "Haka muke yi a Jos."

Ya ce, "To, madalla. Mu nan ƙauye ne, da ta icce muke yi. Ara tawa ka gani ko za ta yi maka."

Ya miƙo mini gudumar katako wadda hannunsa ya goge har ta yi sheƙi. Daga ranar ya ce gara mu haɗu mu fara gama gefena, sannan mu koma nasa, wai shi tsoho ne ba ya son aiki shi kaɗai. Kuma komai zai yi sai ya tambaye ni. "Mu'allim, ko ba haka kuke lanƙwasa baki ba a Jos?" Sai ya lanƙwasa a hankali a gabana. Ni kuwa in ce, "E, haka ne." A lokacin na ɗauka na iya ɓoye jahilcina ne.

Aikin jan ƙarfe ba kamar na kwano ba ne. Mu a kwano, ka ɗora, ka buga ƙusa ta sama, ka wuce. Shi wannan ba a huda shi. Ana yanka falle mai faɗi a ƙasa, siriri a sama, a tayar da bakinsa. Sai a kawo wani ɗan harshe na jan ƙarfe a kafe shi a katako da ƙusar jan ƙarfe, a haɗa bakin falle biyu da harshen a naɗe su tare sau biyu. Harshen ne ke riƙe rufin, ba ƙusa ba. Baba Idi yakan ce, "Jan ƙarfe numfashi yake yi, ɗan Jos. Da rana ya miƙe, da sanyi ya takure. In ka ɗaure shi wuri guda, yage kansa zai yi." Ya kuma gaya mini cewa jan ƙarfe da baƙin ƙarfe ba sa zama tare. In ruwa ya shiga tsakaninsu, jan zai cinye baƙin har ya zama gari, a bar rami. Na ji wannan da kunnena. Ba zan ce ban sani ba.

Muka gama gefena lafiya. Muhandis ya hau ya shafa naɗin da yatsa, ya ce, "Mumtaz," wato ya yi kyau ƙwarai. Na aika wa Hauwa hoto, wannan karon ina saman ƙubba.

Mun yi layi biyu a gefen yamma sai ciwo ya kayar da Baba Idi. Jiri ya ɗebe shi a kan sigala, da ƙyar na riƙo rigarsa. Ammi Usman ya kai shi gidansa a Al-Khalidiyya ya kwantar, kuma bai gaya wa ofis ba, don kamfanin ba ya riƙe tsoho mai ciwo, sallamarsa suke yi ya koma ƙasarsu. Muhandis kuma ya tafi duba wani aiki a wani gari. Ammi Usman ya ce mini, "Riƙe masa gefensa, ya waladi, kada a dawo a ga aiki ya tsaya. Kai ne mu'allim."

Kwana tara na yi ni kaɗai a saman ƙubbar nan. Layukan ƙasa da sauƙi, amma da aka fara hawa inda ƙubba ke lanƙwashewa sai fallen ya ƙi ni. In na naɗe nan, can ya buɗe. In na danna can, ya zame ya sauko. Na lalata falle uku na ɓoye su ƙarƙashin tarkace. Rana tana dukan jan ƙarfen yana mayar mini da zafin a fuska. Ina ta tunanin ranar da za a gane, a karɓe iƙamar, a mai da ni sito ko a sa ni a jirgi. Da na je gaishe da Baba Idi na yi niyyar in tambaye shi. Na same shi a kwance, matar Ammi Usman ta kawo mana tuwo da miyar kuka, abin da rabona da shi tun gida. Ya ce, "Yaya sama, Mu'allim? Akwai abin da ya gagara?" Na ce babu. Na ci tuwon mutane na tashi.

Washegari na tsaya a wani shagon kayan gini a Al-Azizya na sayi ƙusoshin kwano, na baƙin ƙarfe. Na zuba su a safa. In sauran ma'aikata sun sauka cin abinci, sai in ɗora falle, in huda shi a gefe, in kafe shi da ƙusa, sannan in rufe wurin da bakin falle na gaba. Daga waje ba ka ganin komai. Aiki ya yi ta gudu. Na tuna maganar ruwa, amma sai na ce wa kaina, ina ruwan sama a Madina? Tun da na zo ban ga ko ɗigo ba. Ƙusa arba'in da uku na buga. Na san adadinsu don kowace ɗaya sai da gabana ya faɗi.

Baba Idi ya warke ya dawo, muka ƙarasa can ƙololuwa tare. Ya tsaya ya daɗe yana kallon layukan da na yi. Ya ɗora tafin hannunsa a kan wani falle, ya ɗan tura shi. Fallen bai motsa ba. Ya dube ni. Na sunkuya ina gyara igiyar takalmi.

Daga nan ban ƙara samun natsuwa ba. An bar mu a wurin muna taya masu gyaran dutse, kuma kullum da azahar, in rana ta take, sai in ji ƙubbar tana ƙara. Ƙas. Ƙas. Gefen gabas shiru, gefen yamma ne kawai. Wani ɗan Sudan da muke aiki tare ya ce aljanu ne, aka yi dariya, ni ma na yi. Amma na san jan ƙarfe ne ke neman miƙewa ƙusoshina sun riƙe shi. A cikin masallacin muke salla. In liman ya yi kabbara, ni kunnena yana sama. Na rame har Ammi Usman ya ce ko in je asibiti. Na daina zuwa Harami. Da, duk Juma'a nakan je in yi sallama ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Yanzu in na hango koriyar ƙubba daga cikin mota sai in sunkuyar da kai. Ina jin kamar duk garin an san abin da na yi, ana jira ne kawai.

Da sanyi ya shigo, wata ranar Talata da hantsi, gari ya haɗe. Mutane suka fito suna murna, suna ɗaga hannu, wasu suna ɗaukar hoto. Ni kaɗai ne a Madina nake roƙon Allah kada a yi ruwa. Aka yi shi kwana biyu, aka ɗauke, bayan mako biyu aka sake. A na biyun ne mai sharar masallaci ya fito da gudu yana kiran Muhandis. Muka shiga. Ruwa yana bin katakon ƙubba ta yamma, baƙi-baƙi da tsatsa, ya ratsa ta tsakiyar rubutun nan na mutanen da, yana ɗiga a kan darduma.

Muhandis ya hau da kansa. Ya sa aka buɗe naɗi ɗaya. Fallen ya tsage a inda ƙusa ta riƙe shi, ƙusar kuma ta yi ja ta fara ruɓewa. Ya zare ta ya sauko da ita a tafin hannunsa. Ban taɓa ganin mutum ya yi fari haka don fushi ba. Ya buɗe zanen, ya ɗora yatsa a yamma.

Ya ce, "Idris!"

Baba Idi ya matso. Muhandis ya yi ta faɗa, yana nuna masa ƙusar a fuska. Ina tsaye taku uku daga wurin. Baba Idi ya waiwayo ya dube ni sau ɗaya, ba da harara ba, kallon mai jira. Na kalli ƙasa. Sai na ji ya ce da Hausa, "Sunana ne a takarda."

Da yamma Ammi Usman ya ja ni bayan motar ruwa. Ya ce, "Isiyaku, kwana tara kai ka riƙe gefen nan. Gaya mini, baini wa bainak, daga ni sai kai."

Na ce, "Ammi, ni layukan ƙasa na yi. Na sama bayan ya dawo ne."

Ya ce, "Ka rantse?"

Na ce, "Wallahi."

A Madina na faɗi haka, ina fuskantar alƙibla. Ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Miskin. Idonsa ne ya fara tafiya, ga ciwo. Da na sani ban bar shi ya koma sama ba." Ya yarda da ni, don ya ga hoto, kuma don shi ya tsaya mini.

Kamfani suka ce saboda tsufansa da daɗewarsa ba za su miƙa shi ga hukuma ba. Za su yi masa fita ta ƙarshe, wadda ba a dawowa. Aka ba shi kwana goma. Muhandis kuma ya ce tunda ba a san inda sauran ƙusoshin suke ba, sai an kware gefen yamma gaba ɗaya, kuma kowane falle da za a ɗaga haɗari ne ga tsohon katakon da ke ƙasa.

Kwana bakwai na yi ina riƙe da bakina. Ina gaya wa kaina cewa shi tsoho ne, gida zai koma ya huta, ni kuwa ina da mata da 'ya'ya uku, kuma ni ɗauri za a yi mini. Abinci ya daina shiga. In an taɓa ƙofa sai in zabura.

A rana ta takwas bayan la'asar na je ɗakinsa, don kowa ya je sallama, in ban je ba za a lura. Na same shi yana haɗa kaya. Kayan ba su da yawa. Ya ce, "A'a, Mu'allim! Shigo." Ya zuba mini shayi. Ya ɗauko gudumar katakon nan ya ajiye a gabana.

Ya ce, "Riƙe wagga. Can Maraɗi babu jan ƙarfen da zan buga."

Sannan ya jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin katifa, farin yadi a cikin leda. Ya buɗe ya sake ninke shi a hankali. Na tambaye shi mene ne.

Ya ce, "Likkafanina ne. Shekara goma sha ɗaya yana nan. Na wanke shi da zamzam. Ni ban zo garin ga don in tara komi ba, ɗan Jos. Matata ta rasu, ɗiyana sun yi aure. Roƙona guda ne, in cika a nan, a sallace ni a Harami, a kai ni Baƙi'a kusa da Ma'aiki. Na ga kamar saura kaɗan." Ya yi ɗan murmushi ya tura ƙunshin cikin jaka. "To, ba a nufa ba. Ƙasar Maraɗi ma ta Allah ce."

Na ajiye shayin. Da na ɗauka aiki na raba shi da shi. Ashe kabarinsa na ɗauke masa.

Na fita ban yi sallama ba. Na yi ta tafiya a ƙasa, ban san inda za ni ba, gudumar tana hannuna. Tsoron ɗauri bai tafi ba, yana nan yadda yake. Amma wani tsoron ya zo ya fi shi girma. Na ga ranar da za a tashe mu, a kawo tsohon nan da likkafaninsa a hannu, a tambaye ni a gaban wanda ya zo maƙwabtaka da shi.

Da safe na riga kowa zuwa wurin aiki. Da Muhandis ya iso tare da Ammi Usman na tare su a ƙofa. Na ce, "Ammi, fassara masa. Kada ka rage komai."

Na faɗi duka. Hoton coci, da cewa ɗan dako ne ni a wurin ban taɓa hawa ba. Kwana taran da Baba Idi ya yi a kwance. Falle ukun da na ɓoye. Ƙusoshin da ke cikin safa. Ammi Usman ya fara fassarawa, da aka zo kan rantsuwar sai muryarsa ta tsaya. Ya dube ni ya ce, "Ka ce wallahi, Isiyaku." Na ce, "Na ce." Ya juya ya ƙarasa fassarar bai sake kallona ba, har da nasa laifin na ɓoye ciwon, wanda maganata ta tona.

Muhandis ya ciro waya. Na ce shi ke nan, 'yan sanda ne. Ya riƙe ta ya daɗe, sannan ya yi tambaya ɗaya. Ammi Usman ya ce, "Wai ka san inda suke?"

Na ce, "Na san kowace ɗaya. Arba'in da uku ne, ya cire ɗaya."

Ya mayar da wayar aljihu, ya miƙo mini alli.

Na hau sigala, suna biye da ni. Na bi layi-layi ina zana da'ira a kan kowane wuri. Muhandis ya sa aka buɗe guda biyar don gwaji, duka biyar aka samu ƙusa. Falle goma sha ɗaya kawai aka canza maimakon rabin ƙubba, kuma wani gwani ya zo ya ceto rubutun, sai ɗan tabo da ya rage wanda har gobe yana nan saboda ni. Aka soke fitar Baba Idi, don babu wanda zai iya gyaran sai shi. Ammi Usman ya sha faɗa a ofis, aka rage masa matsayi. Fitar da aka shirya wa Baba Idi aka mai da ita kaina. Ba a ɗaure ni ba, kuma na san ba don na cancanci sassauci ba ne.

Ammi Usman bai ƙara yi mini magana ba. Na je ƙofar gidansa sau biyu, aka ce ba ya nan, alhali ga motarsa. Na bar masa saƙon ban haƙuri wurin matarsa. Ba ni da bakin da zan ce bai kyauta ba.

Baba Idi na bari a ƙarshe don shi na fi jin tsoro. Ana gobe zan tafi na je wurin aikin da hantsi. Yana sama shi kaɗai yana naɗe falle na ƙarshe. Na hau na tsuguna nesa da shi kaɗan, na ajiye masa gudumarsa.

Bai waiwayo ba ya ce, "Ɗan Jos, miƙo mini harshe guda."

Na miƙa masa. Na ce, "Baba, ka san ni ne."

Ya ce, "Tun ranar da ka fiddo gudumar ƙarfe na san ba ka taɓa wanga aiki ba. Na ce yaro ne ya zo neman abinci, in koya masa a ɓoye kowa ya huta. Da na tura fallen nan ya ƙi motsi, na so in buɗe, sai na ce bari ya zo da kansa ya faɗa mini. Nan na yi kuskure, har ruwa ya riga ka."

Na ce, "To me ya sa ba ka faɗa wa Muhandis ba?"

Ya ce, "In na faɗa, na tona Usman da ya ɓoye ni a gidansa. Kai kuma in wani ya tona ka, ɗauri ne. In kai ka kawo kanka, wataƙila a ji tausayi. Na ba ka kwana goma. Ka ci takwas, ka tsorata ni ƙwarai."

Ya ajiye aikin ya juyo. Na so in kawo maganar sito, da rashin iƙama, da 'ya'yana, amma na ga duk wannan neman mafita ne. Na durƙusa a kan katakon sigala, na kama hannunsa mai kanta da hannuwana biyu, na ce:

"Baba Idi, na yi ƙarya na ci matsayin da ba nawa ba. Ka koya mini aiki ka rufa mini asiri, na saka maka da ƙusa a gefenka. An zage ka a gabana na yi shiru. Na rantse da Allah a kan ƙarya don a kore ka, na kusa raba ka da kabarin da ka yi shekara goma sha tara kana jira. Ba tsoro ne ya yi ba, ni ne na yi. Ba ni da abin da zan biya ka da shi. Don girman Allah, don darajar wanda kake maƙwabtaka da shi a garin nan, ka yafe mini."